A Mayar wa Mai Tsohon Babur da Hanyarsa

Babu wani babban gari a ƙasar Hausa da za a rasa irin wannan dattijo a cikinsa. Ya ba shekara 70 baya, ya bar aikin koyarwa ko na akawu tun tuni, amma har yanzu da sassafe ya kan turo tsohuwar Vespa daga zaure, watau abin da jama'a ke kira Besfa, ya goge mata raɓa da tsumma, ya karkata ta gefe kaɗan don mai ya sauka, sa'an nan ya buga. 'Ya'yansa sun yi tayin saya masa sabon babur har sun gaji. Samarin unguwa kuwa dariya su ke yi, suna cewa sabo turken wawa. To, lalle ne a duba maganar dattijon nan da idon basira, gama ba wauta ce ta riƙe shi ba, kuma akwai hakkinsa da ya ke bin hukuma.

Da fari dai a san abin da ya ke so ɗin. A ƙasar Italiya aka fara ƙera Vespa cikin 1946, a ma'aikatar Piaggio da ke garin Pontedera, bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya bar mutanen ƙasar ba su da abin hawa. Wanda ya tsara ta, Corradino D'Ascanio, gwanin jirgin sama ne, kuma ba ya ƙaunar baburan zamaninsa saboda ƙazantarsu. Don haka ya ɗauke inji ya liƙa shi a jikin ƙafar baya, ya rufe shi, ya yar da sarƙa, ya mai da giya hannun hagu, ya bar fili a gaba inda mahayi zai aje ƙafafunsa kamar wanda ke zaune a kujera. Bai taɓa tunanin babbar riga ba, amma sai ka ce ita ya auna. Malami ya kan hau da rigarsa da rawaninsa ba tare da ya ɗaga ƙafa sama ba, ya sauka ba ɗigon baƙin mai a wandonsa. Shi ya sa da aka biya ma'aikata kuɗin Udoji a 1975, da yawa daga cikinsu ba su tsaya ko'ina ba sai kantin babura.

Abin da samari ba su gane ba shi ne, injin nan ba ya ɓoye wa mai shi kome. Baƙin mai a cikin fetur a kan gauraya shi, kuma dattijon ya san ma'auninsa da ido. In ta ƙi tashi, ya kwance fulogi ya kankare, ya hura, ya mayar. In wayar kuloci ta tsinke, akwai wata a aljihun babur tare da sufana biyu da filaya. In taya ta yi faci a dokar daji, ga safaya a rataye, ƙusoshi kaɗan ne ya kwance ya ɗaura. Daga ƙarar salansa kaɗai ya kan gane ko kafireta ta sha ƙura. Mutumin da ya shekara 50 yana sauraron abu guda, in aka ce ya musanya shi da wanda bai san muryarsa ba, ai dole ya yi jinkiri. Haka mahayan dā su ke da dawakinsu, ba kuwa wanda ya kira su wawaye.

Kada kuma a ce abin hawan cikin gari ne kurum. Wani Ba'italiye mai suna Giorgio Bettinelli ya tashi daga Rum a kan Vespa cikin 1992, bai tsaya ba sai birnin Saigon ta ƙasar Biyetnam. Dattijon nan bai je Saigon ba, amma ya san hanyar Kano zuwa Zariya kamar tafin hannunsa. Ya kan fita bayan asuba, ya wuce Kura, ya ratsa korayen gonakin Kadawa da ruwan Tiga ke shayarwa ko da rani, ya sha fura a Kwanar Ɗangora yayin da inji ke hucewa, ya iske Tashar Yari hantsi bai gama dubawa ba. Ba yaron mota mai yi masa tsawa, ba jiran a cika. In ya ga dama ya ratse ya gai da tsohon ɗalibinsa a ƙauye. Wannan 'yanci shi ne asalin abin da ya ke ƙauna, babur ɗin mabuɗinsa ne kawai.

Yau kuwa an ƙuntata masa ta ko'ina. A watan Janairu na 2013, bayan da 'yan bindiga suka kai wa Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero hari, gwamnatin jihar ta hana goyo a babur, sai ya zama mutum ba shi da ikon ɗaukar jikansa zuwa makaranta. A watan Satumba na 2021 gwamnatin Kaduna ta hana hawan babur ɗungum, na haya da na gida, har tsawon wata 3. A watan Mayu na 2023 aka janye tallafin fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 cikin 'yan kwanaki. Kayan gyara su ma sun yi wuya. Samfurin PX, wanda ya fito a 1977, ya yi shekara kusan 40 kana dokokin hayaƙi na Turai suka kashe shi. Kamfanin Bajaj na Indiya, wanda da ƙera Vespa ya yi ƙarfi, shi ne ya cika titunan Arewa da Boxer, kuma yaran makanikai ita su ke koyo. Tsofaffin gwanayen Besfa suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya.

Ba za a ce hukuma ta yi dokokin nan don nishaɗi ba. Hakika ɓarayin daji a kan babura su ke zuwa, mutum uku uku, su kashe su kwashe, kuma duk wanda ya binne ɗan'uwansa ba zai ga tsananin doka ba. Amma fa a yi adalci. Wa ya taɓa jin an kai hari ƙauye a kan Vespa, mai 'yar ƙafa inci 10, wadda yashin rafi kaɗai ya isa ya kayar? Ɗan fashi ba ya karanta sanarwar gwamnati, ba ya bi ta shingen 'yan sanda. Wanda doka ke kamawa shi ne mai lamba da takarda, wanda ya tsaya da aka ce ya tsaya. An bar jaki ana dukan taiki.

Saboda haka in larura ta sake kawo irin dokokin nan, wajibi ne a rarrabe tsakanin mai babur da aka san gidansa da mai unguwarsa, da baƙon da ya fito daga daji. Rajista ce za ta yi wannan aiki, kuma dagatai da masu unguwa sun san mutanensu. Sa'an nan a sa wa kowace doka ranar ƙarewa, a kuma faɗi ranar a rediyo yadda aka faɗi ranar farawa. Mafi girma duka, a tsare hanyoyin kansu. Hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari ta yi shekaru matafiya suna jiran rakiyar sojoji kafin su bi ta, alhali a dā malamin makaranta ya kan bi ta shi kaɗai ranar Asabar, da buhun masara a bayansa, ba abin da ya ke tsoro sai hadari in ya haɗo daga gabas.