Damben Tailan A Idon 'Yan Kallon Barkiya

Fiye da shekara ashirin ke nan da fitowar fim ɗin nan na ƙasar Tailan mai suna Ong-Bak, wanda aka fara nunawa cikin 2003, amma har wa yau bai tsufa ba a wurin samarin karkara. A Barkiya ta Ƙaramar Hukumar Kurfi, da maƙwabtanta irin su Birchi da Tsauri har zuwa Dutsin-Ma, ana samunsa wurin masu tura finafinai a waya, kuma in an gama kallo sai gardama ta tashi. Gardamar nan ta cancanci a saurare ta, domin masu yinta mutane ne da suka san dambe tun suna yara.

Labarin fim ɗin gajere ne. A wani ƙauye mai suna Nong Pradu, wani ɗan birni ya sare kan gunkin da mutanen garin suke girmamawa, ya gudu da shi Bankok. Ruwa ya ɗauke, rijiyoyi suka ƙafe, talakawa suka ɗauka asarar nan ce ta jawo musu. Sai suka yi karo-karo da ɗan abin da ke hannunsu, suka tura wani maraya mai suna Ting ya je ya karɓo. Wanda ya fito a matsayin Ting shi ne Tony Jaa, haifaffen lardin Surin a 1976, wanda ya koyi sana'a a hannun Panna Rittikrai, maigidan da ya rasu a 2014. Prachya Pinkaew ne ya ba da umarni.

Abin da samari suka fi yabawa shi ne babu algus a cikin faɗan. Tun zamanin da gidajen silima na Kano da Katsina suke nuna Bruce Lee, 'yan kallo suka koyi rarrabe wanda ya iya da wanda aka ɗaure da igiya aka ɗaga sama. Masu shirya Ong-Bak kuwa sun yi tallarsa da cewa ba igiya, ba dabarar kwamfuta, ba wani da ya tsaya a madadin jarumin. In ya yi tsalle ya ratsa zoben waya mai ƙaya, ko ya sulale ta ƙarƙashin mota, sai a maimaita wurin sau biyu ko uku daga kusurwa dabam, don kada wani ya ce an ruɗe shi. Hatta tseren da aka yi da babura masu ƙafa uku, waɗanda ba su da bambanci da Keke Napep, da ƙarfe na gaske aka yi shi.

To, a nan ne mutumin Katsina ya ɗara sauran 'yan kallo fahimta. Damben Tailan, watau Muay Thai, ana yinsa da dunƙule da gwiwar hannu da gwiwar ƙafa da ƙwauri. Kafin a kawo safar hannu irin ta Turawa a shekarun 1920, igiya suke naɗewa a hannu, kamar dai yadda ɗan damben Hausa yake ɗaure hannunsa da zare. Ba sa shiga fage sai da kiɗa, da ganga da wani abin busa mai muryar algaita, sai kuma ɗan wasa ya kewaya ya yi gaisuwa ga malaminsa. Wanda ya taɓa tsayawa a da'irar dambe da kaka, kalangu yana tashi, ana kirari, mahauta sun jeru, ba ya bukatar tafinta kafin ya gane wannan. Shi ya sa za a ji masana cikinsu suna sūka irin ta gwanaye: cewa bugun gwiwar hannu a tsakar ka ba abin wasa ba ne, cewa a dambe da zarar hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa an yi kisa an gama, amma a fim mutum yakan sha abin da zai kashe sa ya miƙe. Suna da gaskiya, fim kuwa fim ne.

Dattawa da malamai suna da tasu magana, kuma ba ta raini ba ce. Sukan ce ina amfanin ɗan Musulmi ya zauna kusan sa'a biyu yana fatan a ceto gunki? Sukan ƙara da cewa yara suna tashi daga kallo su je suna gwada gwiwa a kan ƙannensu. Maganar yara gaskiya ce, fim ne na manya, akwai jini da caca da ƙwaya a cikinsa, kuma uban da ya miƙa wa ɗan shekara takwas waya ya juya baya shi ya yi sakaci. Amma batun gunki, sai a bincika a ga ko shi ne yake riƙe 'yan kallo. Manomin Kurfi ba ruwansa da addinin Buda. Abin da ya gani shi ne an shigo ƙauye an ɗauke abin da ya fi daraja, talakawa sun rasa wanda za su kai wa kuka. A ƙasar da aka yi shekaru ana kore shanu ana sace mutane, har Gwamnatin Jihar Katsina ta kafa rundunar tsaro ta 'yan ƙasa a 2023, wannan labari ba baƙo ba ne. Fim ɗin Tony Jaa na 2005, Tom-Yum-Goong, ya ma fi kusa, domin giwaye aka sace wa makiyayi ya bi sawunsu har Ostareliya. Shi kuma fataucin kayan tarihi da mugun attajirin Ong-Bak yake yi, an yi irinsa a nan, don mutum-mutumin yumɓu da aka tono a ƙasar Katsina da Sakkwato da Nok sun daɗe suna ɓulla a kasuwannin Turai.

Akwai kuma Humlae, ɗan ƙauyensu Ting da ya riga shi zuwa birni. Ya rina gashinsa, ya sauya suna ya koma George, ya yi kamar bai san garinsu ba, daga baya ya ɗauke kuɗin karo-karon ya kai wurin caca. Duk garin da yake tura samari ci-rani Legas da Abuja ya san mai irin wannan hali, kuma dariyar da ake yi masa dariyar sani ce. A ƙarshe da ransa ya biya.

Abin takaicin shi ne yadda Tailan ta riƙe nata damben, da yadda aka saki na ƙasar Hausa. Sun gina masa filin Rajadamnern a 1945 da na Lumpinee a 1956, suka sa masa dokoki da awon nauyi da likita, har Kwamitin Wasannin Olamfik na Duniya ya amince da ƙungiyarsa a 2021. Fim guda ya kai shi gidajen da ba su taɓa jin sunansa ba, ya kuma kai Tony Jaa Amurka, inda ya fito a Furious 7 cikin 2015. Alhali kuwa dambe bai rasa abin ba da labari ba. Ga adawar Kudu da Arewa da Guramada, ga makaɗa, ga laya da asiri, ga yawon gari-gari bayan girbi. Sunan Shago bai ɓace ba saboda Ɗan Anace ya yi masa waƙa, watau makaɗi ɗaya ya yi wa dambe aikin da masana'antar fim ta Kano ba ta yi masa ba tun daga Turmin Danya na 1990. Yawancin ƙarfinta ya tafi ga soyayya da rawa irin ta Indiya, in an zo faɗa kuma sai a ga naushi yana wucewa taku guda daga fuska, mutum ya faɗi.

Masu shirya fim sukan kawo uzurin kuɗi. Ong-Bak ma ba da dukiyar Amurka aka yi shi ba; abin da aka zuba masa shi ne shekarun horo, da mutanen da suka yarda su sha duka na gaske. Irin waɗannan mutane suna nan a gidajen dambe na Katsina da Kano da Sakkwato, suna karya haƙarƙari a kan kuɗin da bai kai na taki buhu biyu ba. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina tana iya haɗa marubuci da mai ba da umarni da sarakunan dambe a zauna, a sa likita a wurin ɗauka, a biya 'yan wasa haƙƙinsu, sa'an nan a fara nuna fim ɗin a Kurfi da Dutsin-Ma kafin a kai shi Abuja.