Gajiyar da Ido Ba Ya Gani

Wani akawu ya rubuto mini cewa an sallami abokan aikinsa biyu, an haɗa masa aikinsu da nasa, albashi kuwa bai motsa ba. Ya ce ko a cikin salla lissafin ofis yake yi, barci ya ƙaurace masa, maigidansa kuma yakan buga masa waya bayan lisha. Yana tambaya: shin kukansa rashin haƙuri ne?

Malam, ba rashin haƙuri ba ne. Ɗan dako idan kaya ya yi masa nauyi kowa yana gani, amma mai ɗaukar kaya da ƙwaƙwalwa sai ya faɗi kafin a yarda ya gaji. A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka bayyana cewa a 2016 mutum wajen 745,000 sun mutu da ciwon zuciya ko shanyewar jiki saboda yin aikin sa'a 55 ko fiye a mako.

Shari'a ba ta bar wannan babi a buɗe ba. A hadisin Abu Zarri, wanda Buhari ya ruwaito, Annabi (S.A.W.) ya hana a ɗora wa mai hidima abin da ya fi ƙarfinsa, in kuwa an ɗora, to a kama masa. Ƙarfi kuwa har da na hankali.

Malamanmu na Malikiyya sun ƙara bin diddigi a babin ijara. Sun shardanta a san aikin, a san ladan. Har suka yi maganar wanda ya ce wa tela ya ɗinka masa wannan riga a cikin wannan yini: idan yinin da ƙyar zai ishi aikin, ƙullawar ta ɓaci, domin akwai garari a cikinta. Ina mamakin masu karanta wannan mas'ala a zaure da safe, su je ofis su nemi aikin mako a kwana biyu!

Saboda haka, Malam, aikin mutum biyun nan ba ya cikin abin da kuka ƙulla tun farko. Ka sami maigidanka cikin ladabi, ka nemi a sake yarjejeniya: ko a ƙara hannu, ko a ƙara lada. Rashin barcin kuma ka kai shi wurin likita tun bai zama hawan jini ba.