Waƙar Dandali Ta Fi Ta Fim

'Yan'uwa mazauna Ikko da Badun da Fatakwal, duk wanda ya tashi a Gombe ya san yadda 'yan mata ke gaɗa a da, a Jekadafari ko Bolari, in farin wata ya fito: zabiya ta ba da waƙa, saura su amsa da tafi. Tun da Sangaya ya fito a Kano a 1999 kiɗan fiyano ya mamaye waƙar fim, har 'ya'yanmu da aka haifa a Kudu suka zaci waƙar Hausa ke nan.

Ba mu raina fiyano ba. Sautinsa tas yake, shi ya kai waƙa har Agege cikin kaset. Amma a fim wata ke rerawa a situdiyo, wata ke motsa baki gaban kyamara, baiti kuwa ya daskare yadda aka ɗauke shi. A dandali zabiya na kallon wadda take yi wa habaici, a mayar mata, nan take ta sauya baiti. Inji bai iya wannan ba.

In kun je gida da Sallah, ku nemi tsofaffin zabiyoyin unguwarku ku ɗauki muryarsu da waya, ku kawo wa yara.