Tseren Iyo A Kogin Da Ke Komawa Baya

Ran da muka gaya wa 'yan ajinmu akwai kogin da ruwansa kan koma baya sau biyu a rana, sai suka fashe da dariya. Ba laifinsu ba ne, gama Binuwai da Kaduna hanya ɗaya suka sani. Amma inda kogi ya sadu da teku, wata yakan ja ruwan teku ya hauro cikin kogin wajen awa 6, sa'an nan ya janye wajen awa 6.

Haka Kogin Liffey yake a birnin Dablin na ƙasar Ailan. Tun 1920 ake tseren iyo a cikinsa, kilomita 2 da 'yan kai, ta ƙarƙashin gadoji. Mata ba su sami nasu tseren a nan ba sai 1991.

Abin da ya fi ba mu sha'awa, ba a sakinsu gaba ɗaya. Marasa sauri ke fara faɗawa, gwanaye kuwa su tsaya suna kallo ana yi musu nisa, sai lokacinsu ya yi. Saboda haka dattijo ma yana iya cin kofi. Ba a kuwa barin kowa ya shiga sai ya riga ya yi waɗansu tseren a teku, masu kwalekwale kuma suna biye da su.

To, ga inda magana ta juya mana. Yaran suka ce su ma za su gwada a gulbi. Muka hana. Damina ce, ruwa ya kawo, ba mu da ko jirgi ɗaya da zai bi su. Iyaye, muna roƙonku ku sa ido kowace Asabar har kaka, gama mun ji suna ƙus-ƙus a bayan aji.