RA'AYINMU: Murya, Ido da Hannun Mai Wa'azi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya ba ɗan Adam harshe, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, mafi fasahar masu magana, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, duk wanda ya san ƙasar Kurfi da Dutsin-Ma zai shaida cewa masu ilmin addini sun yawaita a cikinta fiye da kowane lokaci a baya. Wasu sun fito daga Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita, wasu daga Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da aka kafa a 2011, wasu kuwa sun dawo daga Madina ko Sudan da takardun shaida masu nauyi. Masallatai sun sami lasifika, wa'azi kuma ya shiga ƙauyukan da a da sai su shekara ba su ga baƙon malami ba. To amma idan aka tashi daga wa'azi a gari kamar Barkiya, aka tambayi manomin da ya zauna tun daga Magariba abin da ya ƙaru da shi, sau da yawa amsarsa ba ta wuce, "Kai, yau Malam ya yi zafi!" Zafin ya ji, hukuncin kuwa ya bar shi a kan tabarma. Mu a ganinmu ba ƙarancin karatu ne ya jawo wannan ba. Isar da magana fanni ne mai zaman kansa, kuma mun yi sakaci da shi, alhali Annabi Musa (AS) da kansa, sa'ad da aka aike shi ga Fir'auna, ya roƙi Allah Ya warware masa ƙullin harshensa, ya kuma nemi a haɗa shi da Haruna saboda ya fi shi fasahar baki.

Hanyoyin da masu magana ke bi ba su wuce huɗu ba. Akwai mai karantawa daga takarda, kansa a sunkuye tun daga hamdala har zuwa addu'a. Wannan tsohuwar al'ada ce, domin huɗubobin Ibnu Nubata, mai huɗubar Halab da ya rasu a shekara ta 374 bayan Hijira, an yi ƙarnuka ana maimaita su a kan mumbarorin ƙasashen Musulmi, ko da kuwa abin da ya dami jama'ar wannan Juma'a daban ne. Amfaninta dai shi ne tana tsare harshe daga kuskure, don haka aya da hadisi da duk wani hukunci mai lissafi, irin na gado, gara a karanta su daga rubutu. Akwai kuma mai hadda, wanda a zamaninmu galibi yakan kwashe karatun wani babban malami ne daga kaset ko waya. Muna da samari da suka haddace karatun marigayi Shaikh Ja'afar Mahmud Adam, wanda aka kashe a Kano a 2007, har da wuraren da yakan dakata ya numfasa, sai dai tambaya guda daga cikin taro ta isa ta kwance musu lissafi. Na uku shi ne mai miƙewa ba shiri yana cewa Allah zai kawo, kuma daga irin wannan bakin ne hadisan ƙarya da zagin mutane suka fi fitowa, domin wanda maganarsa ta ƙare alhali bai son ya zauna, dole ya cike gurbin da wani abu.

Hanyar da muke kira zuwa gare ta ita ce ta huɗu: mutum ya yi bitar mas'alarsa tun da rana, ya rubuta kanunta uku ko huɗu da hujjojinsu a 'yar takarda, sannan ya ɗaga kai ya yi wa mutane magana yana kallonsu.

Ba sai mun je nesa neman abin koyi ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin Infaƙul Maisuri wanda ya kammala a 1812, ya siffanta yadda mahaifinsa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yake fita wa'azi. Kafin ya fita yakan tsaya a wani gefe na gida ya sabunta niyya, ya roƙi Allah Ya fahimtar da masu sauraro. In ya iso sai ya yi sallamar da kowa zai ji, in ya hau kujera ya gai da jama'a sau uku da sakin fuska, sannan ya nemi a yi shiru, ba ya kuwa fusata ko da an jarrabe shi da marasa ladabin da ba sa jin kira. Yakan ɗaga murya yadda za ta kai ga kowa, ba ya keɓe wani da fuskantarwa ya bar wani, kuma in an jefo tambaya a tsakiyar magana yakan dakata ya amsa. Mai karatu ya lura cewa Bello, wanda shi ma malami ne, bai ga ƙasƙanci ba wajen rubuta yadda fuskar Shehu take da yadda yake gaisuwa, domin ya san da waɗannan ne aka jawo zukatan Gobirawa da Zamfarawa da Kabawa shekaru kusan talatin kafin Hijirar 1804.

Maganar murya ita ce inda aka fi zamewa. Masu ihu suna kafa hujja da hadisin Jabir da ke cikin Sahihu Muslim, wanda ya nuna cewa Manzon Allah (SAW) in yana huɗuba idanunsa kan yi ja, muryarsa ta ɗaukaka kamar mai gargaɗin isowar mayaƙa. Hadisin ingantacce ne. Sai dai sun manta cewa ya yi haka ne ba tare da na'ura a gabansa ba, kuma Nana A'isha ta ba da labarin cewa yana magana daki-daki yadda mai son ƙirga kalmominsa zai iya, Anas kuma ya ce yakan maimaita kalma sau uku don a gane ta. Wanda ya manna bakinsa a makirfo ya yi ta kururuwa awa guda, abin da ke isa kunnen tsohuwar da ke sauraro daga cikin gida ƙara ce kawai. Ɗaga murya yana tasiri ne in akwai inda aka sassauta ta, kuma shirun daƙiƙa uku bayan aya yakan yi aikin da tsawa ba ta yi. Waɗanda suka saurari tafsirin marigayi Shaikh Abubakar Mahmud Gumi daga Masallacin Sultan Bello ta Rediyon Kaduna, kafin rasuwarsa a 1992, za su tuna cewa cikin natsuwa yake magana, amma maganar ta girgiza Arewa.

Sai hannu da fuska. Jahizu, duk da saɓaninmu da aƙidarsa ta Mu'utazilanci, ya yi daidai da ya lissafa ishara cikin hanyoyi biyar na bayani a littafinsa Al-Bayan wat-Tabyin. Sunna ma cike take da wannan. Annabi (SAW) ya haɗa manuniya da ɗan yatsan tsakiya don nuna kusancinsa da mai riƙon maraya, ya sarƙe yatsunsa don nuna yadda muminai ke ƙarfafa juna, ya kuma zana layuka a ƙasa yana kwatanta ajali da dogon buri. Kowace ishara a nan tana ɗauke da ma'ana. Wannan daban yake da dukan teburi da tsalle da wurgi da hannayen riga, kuma an san yadda sahabi Umara ɗan Ru'aiba ya yi wa Bishru ɗan Marwan inkari da ya gan shi yana ɗaga hannuwa biyu a kan mumbari. Sannan kowace ƙasa da nata yaren jiki. Malamin da ya ware yatsu biyar ya tura tafinsa wajen jama'a yana ƙirga shika-shikan Musulunci, a wurin Bakatsine daƙuwa ya yi wa sahun gaba, sahun gaba kuwa dattawan gari ne. Haka nan nuna mutum da yatsa, da tsaki, da harara in yaro ya yi motsi. Saurayin da ke gaban sa'o'in mahaifinsa kada ya kafe ɗayansu da ido yana ambaton azabar mai cin riba, domin gari zai tashi da cewa da wane ake, ya rarraba dubansa dama da hagu har zuwa na can baya.

Wani abin takaicin shi ne cika magana da Larabcin da ba a bukata, "ya'ani" da "haƙiƙatan" a kowace gaɓa. In za a koyar da zakkar hatsi bayan an yi girbi, cewa nisabi wusƙi biyar ne, wato sa'i 300, ba ta isar da manomi ko'ina. A zo da mudu da tiyar da ake awo da ita a kasuwarsu, a auna gero a gabansa ya gani da idonsa.

Game da tsawon lokaci, hadisin Ammar ya sanya gajarta huɗuba cikin alamun fahimtar addini, Ibnu Mas'ud kuma ranar Alhamis kaɗai yake yi wa mutane wa'azi don gudun kada su ƙosa. Balle mutumin da ya wuni yana noma da damina. Balle kuma jama'ar Kurfi da Dutsin-Ma da Safana da Batsari, waɗanda hare-haren 'yan bindiga suka addabi ƙauyukansu musamman daga 2019, da yawansu sun binne 'yan'uwa ko sun sayar da gona don biyan kuɗin fansa. Wanda ya tsaya gaban irin waɗannan mutane yana zare ido yana daka musu tsawa cewa zunubinsu ne ya jawo, ba tare da ko jaje ba, ya ƙara gishiri ne a kan miki. Ya kuma sani cewa akwai waya a cikin taron, kuma minti ɗaya na fushinsa shi za a yanke a watsa a WhatsApp da TikTok ba tare da abin da ya gabace shi ba.

Saboda haka muna kira ga kwamitocin wa'azi na rassanmu da kada su sake tura wani ɗalibi ƙauye sai ya tsaya gaban malamai biyu ko uku ya yi magana ta minti 15, an ɗauke shi a waya, an zauna tare da shi ya kalli kansa, an gyara masa tsayuwa da murya da hannu kamar yadda ake gyara wa mai jan baƙi tajwidi. Muna kuma roƙon manyan malamanmu su fara miƙa kansu ga wannan zama, domin ƙanana ba za su yarda a gyara musu abin da suka gani a wurin manya ba. A fara tun kafin a raba masallatan tafsirin azumi mai zuwa.