Ba kowace giya ce tsufa ke gyarawa ba

1/ Jiya ƙawata ta cika shekara 23. Kusan kowa a ƙarƙashin hotonta sai rubuta maganar nan ta Turawa yake, wai tana ƙara kyau da shekaru kamar giyar inabi mai tsada. Ni ɗalibar kimiyyar abinci ce, kuma wallahi maganar nan ta daɗe tana ci min tuwo a ƙwarya. Zare 🧵

2/ Kafin a fara jifa: ba na sha, ban taɓa ɗanɗanawa ba, kuma ba talla nake ba. Hukuncinta a addinina a fili yake. Amma yadda abu ke tsumuwa da yadda yake lalacewa darasi ne da muke yi a aji.

3/ Gaskiyar magana, yawancin giyar inabi ana yin ta ne don a shanye cikin 'yan shekaru. Ka ajiye ta shekara ashirin, ƙamshin ya gudu, launin ya dushe, ka yi asara. Kaɗan ce ke jure tsufa.

4/ Mu ɗauki jar giyar Bordeaux a Faransa. Haɗi ce, galibi na inabin Cabernet Sauvignon da Merlot, wani lokaci da ɗan Cabernet Franc ko Petit Verdot. Cabernet na da fata mai kauri, shi ke kawo ƙarfi da bauri. Merlot ke kawo taushi.

5/ Baurin nan kun san shi. Shi ne abin da ke kama harshe in shayi ya daɗe a wuta. Sinadarin tanin ne, daga fatar inabi da 'ya'yansa da kuma katakon gangar da ake zuba giyar, mai cin lita 225. Jan launin kuwa dangin sinadarin da ke rina zoɓo ne.

6/ Tanin da tsami su ne masu gadi. Da shekaru ƙwayoyin tanin suna haɗuwa da juna da sinadarin launi, wasu su kwanta a gindin kwalba. Bauri ya ragu, launi ya tashi daga ja mai duhu zuwa na jan bulo. Masu ɗanɗano sun ce ƙamshin 'ya'yan itace yakan koma na ganyen taba, fata da ƙasa.

7/ Sai kuma ajiya: wuri mai duhu, sanyi wajen digiri 13, kwalba a kwance don toshiyar ta kasance a jiƙe, iska kar ta shiga. Zafi irin na watan Afrilu a ɗakinmu na hostel zai kashe ta komai tsadarta 😂

8/ Suna ma ba ya ceto. A 1976 wani ɗan Ingila, Steven Spurrier, ya shirya gasa a Paris, alƙalai Faransawa, kwalabe a ɓoye. Jar giyar Kalifoniya ta doke manyan Bordeaux. Aka ce ai ta Amurka ba za ta jure shekaru ba. Aka maimaita a 2006, bayan shekara 30, Ridge Monte Bello ta 1971 ta zo ta ɗaya. Ita ma ta Kalifoniya.

9/ To abin da ke damuna da waccan magana shi ne tana sa mu ɗauka lokaci kaɗai na gyara abu. Giyar da ta yi kyau bayan shekara talatin tun ranar farko take da abin da zai riƙe ta, kuma wani ya kula da ita kullum.

10/ Ina aji uku yanzu. Na kama kaina ina ƙirga shekaru, ina jiran su mayar da ni ƙwararriya, alhali akwai na'urorin ɗakin gwaji da har yau ban iya kunnawa ni kaɗai ba. Wannan ya fi ba ni tsoro fiye da jarrabawa.

11/ Ƙawata, Allah Ya ƙaro shekaru masu albarka. Ku kuma masu kwamen, don Allah a nemo wani kirarin 🙏