Kada Kwamiti Ya Binne Mana Bututun Inci Ɗaya

Tsohon bututun ƙarfe da ke kawo ruwa daga tankin burtsatse zuwa masallaci da famfunan unguwa tsatsa ta cinye shi, wannan kowa ya gani. Abin da ban yarda da shi ba shi ne shawarar kwamiti ta sayo na roba mai inci ɗaya, wai ya fi araha.

Haba Alhazai! Ni ɗan kasuwa ne, na san daɗin araha, amma ba a nan ba. Faɗin bakin bututu mai inci 2 ya ninka na mai inci 1 har sau huɗu, ba sau biyu ba. Kuma ruwa in ya yi doguwar tafiya cikin ƙunci, gogayya da jikin bututu tana cinye ƙarfinsa. Tankinmu yana can bayan kara, gidajen layin ƙarshe kuwa kan tudu suke. Da Asuba, in masu alwala suka buɗe famfunan masallaci lokaci ɗaya, ɗigo kawai matan can za su samu, su koma sayen jarka wurin 'yan garuwa.

Ramin da za a haƙa ɗaya ne, kuɗin lebura ɗaya ne. Ko so ake mu haƙa sau biyu?

A kira mai aikin famfo ya auna nisa da tsayin tanki, ya ƙirga famfuna. Ni dai a ganina babban layi ya zama inci 2, rassa su yi ƙanana. Kafin nan kada ma'aji ya fitar da ko sisi, akwai gudummawar zawarawa a kuɗin nan.